Ɗigon Fenti a Gindin Kwalba

Ni ce Saratu, wadda kuke kira Mama Lab. Ban taɓa zama a benci gaban allo ba, saboda haka ni ke faɗa, jikata ke rubutawa, kuma na gaya mata kada ta gyara mini magana. Sakataren ƙungiyarku ta malaman kimiyya da ma'aikatan ɗakin gwaji ya ce in faɗi wani abu a sa a mujallarku. Da farko na ce a'a. Abin da ya sa na yarda shi ne abin da idona ya gani a taron watan jiya: kwalbar nan da ke zama kan teburin shugabanni, an kai mata reza.

Rahila ce ta yi, sabuwar teknishan ɗin nan ta makarantar Barnawa. Wai ta ga datti a gindinta, ɗigo uku na fenti, ta ce bari ta kankare kafin baƙi su iso. Ta riga ta kankare ɗaya, koren, kafin in riƙe mata hannu. Ta dube ni tana dariya ta ce, "Haba Mama, wankin kwalba ne fa kawai, mene ne abin faɗa?" Biyu daga cikinku suka taya ta dariya. Na gan ku. To ku saurara, ke Rahila da ku masu taya ta.

Da tsintsiya na shiga makarantar gwamnati da ke bayan Sabon Tasha, zamanin farar hula na wancan karon, waɗanda soja suka zo suka kawar. Shara nake yi. Mai kula da lab, wato ɗakin gwaji, a lokacin Malam Isyaku ne, mutumin Makera, dogo, siriri, a keke yake zuwa, makullai na rataye a igiyar wuyansa cikin riga. Wata rana ya ga na tsinci fasasshen gilashi a bakin ƙofarsa, ban zuba cikin sauran shara ba, na naɗe a takarda na ajiye gefe. Mako na zagayowa aka ce in koma lab.

Ranar farko ya tambaye ni, "Baiwar Allah, kin iya karatu?"

Na ce, "A'a, Malam."

Ya ce, "To dokarki ɗaya ce. Kwalbar da ban miƙa miki da hannuna ba, kada ki taɓa ta, ko da kin rantse ruwan sha ne a ciki."

Har na bar aiki ban karya wannan dokar ba. Ku da kuka iya karanta abin da ke jikin kwalba, na ga kuna ɗaukar ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun na riƙe da waya.

Wankin biret shi ya fara ba ni. Biret doguwar kwalba ce siririya mai ɗan famfo a ƙasa, da ita yara ke ɗigo asid a hankali. Za ki zura mata dogon burushi da ruwan sabulu, ki ɗauraye da ruwan famfo, sannan ki ɗauraye da ruwan da Malam ke tacewa da tururi. Sai ki ɗaga ta wajen taga. In ruwa ya gangara shimfiɗe, ta wanku. In kika ga ɗigo-ɗigo sun maƙale a jikinta, akwai maiƙo, ki sake. Na yi wata guda ina kai masa yana ɗagawa wajen taga yana mayar mini, ba faɗa, ba yabo, sai dai ya ce, "Saura." Famfon kuma ana shafa masa basilin, amma ɗan kaɗan, in ya yi yawa ya toshe hudar, in ya yi kaɗan ya ƙage, yaro ya murɗa da ƙarfi ya karya. Maiƙo kaɗan a cikin biret ya isa ya sa yaro ya sami amsa ba daidai ba, ya faɗi jarrabawa, ya tafi gida yana ganin kansa daƙiƙi ne, alhali mai wanki ce ta kayar da shi. Wannan shi ne wankin kwalba kawai.

Neman kwaɗi ma aikinmu ne. Malamin bayoloji zai turo ranar Juma'a da yamma ya ce yana son kwaɗi da kyankyasai ranar Litinin da safe, kamar a kasuwa ake kasa su. In ɗauki bokiti in bi bakin kogi, zane a ɗaure, mata masu wanki na kallona suna cewa ko miya zan yi. Kyankyasai kuwa a sitonmu na kicin nake kama su, dole kuma su zo da ƙafafunsu cikakku. In ruwan famfo ya ɗauke, ni ke jan guga a rijiya. In gas ya ƙare, kuma a zamanin soja ƙarewarsa ta fi zuwansa yawa, risho muke kunnawa.

Amma babban kayan aikin ba burushi ba ne, ido ne. Yara arba'in ko fiye a ɗaki ɗaya, kowa da asid a gabansa, malami na can wajen allo ya juya baya. Ni ke tsaye a baya ina kallon hannuwa. Wannan zai tsotsi ruwan gwaji da baki ya wuce masa maƙogwaro. Waccan za ta sa hanci cikin kwalba ta shaƙa. Wani ya ɓoye asid a aljihu wai zai je ya ƙona ƙadangare. Tabon nan na wuyan hannuna, wani yaro ne ya zuba ruwa cikin asid maimakon asid cikin ruwa, abin ya yi tsartuwa, na ture yarinyar da ke gefensa, hannuna ya karɓa. Sun ce ni mafaɗaciya ce. Ƙwarai kuwa. Ba wanda ya rasa ido a lab ɗina.

Yanzu maganar ƙungiya. Ku kun same ta da ofis da tuta da riguna masu tambari. Mu mun san ta lokacin da ba ta da komai sai mutane. A shekarun soja an daɗe ba a sayo mana ko bika ɗaya ba, ɗan kofin gilashin nan na gwaji, abin da ya fashe ya fashe ke nan. Ƙungiyar nan, reshenmu na kudancin kogi, ita ta riƙe lab-lab ɗin makarantu. Kowane wata a haɗu a wata makaranta. A can aka koya mana yadda ake yanke bakin fasasshen gilashi a gyara shi a wuta, da yadda ake yin fitila da kwalbar magani. Malamai ne a gaba, teknishan a tsakiya, mu masu wanki a bencin baya. Ba mu da ƙuri'a, amma mu ke ɗaukar kwalaye.

Kwalayen nan su ne aro. In jarrabawar firaktikal ta 'yan ajin ƙarshe ta matso, ba makarantar da kayanta ke isarta. Sai a yi ta aro tsakaninmu, wannan ta ba da biret, waccan ta ba da ma'auni, a naɗe cikin tsoffin jaridu a shiga bas da su a kan cinya. In an gama sai rigima, kowa na cewa nasa ne mai kyau, mai tsagar na wancan ne. Madam Tabita, malamar kemistiri a makarantar Narayi, ita ce sakatariyar reshe a lokacin, gajeriya, mai ƙaramar murya, amma in ta kafe ba mai ɗaga ta. Ita ta kawo shawarar kowace makaranta a ba ta launin fenti. Mu kore, Narayi rawaya, Rido shuɗi, haka dai kowa da nasa. A tsoma tsinken ashana a fenti a ɗiga a gindin gilashi. Ya zama doka: gilashi ba ya hawa kanta sai an wanke shi, ya bushe, an ɗiga masa launinsa. Sabo ne ko tsoho. Hannuna ya saba har ba na tunani.

Sai shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka dawo. Ni ma na bi layi na dangwala ƙuri'a, na yi murna kamar kowa. Aka ce yanzu ilimi zai farfaɗo. Ba a daɗe ba firinsifal ɗinmu ya kira Malam ya ce makarantarmu na cikin waɗanda za a zuba wa sababbin kayan kimiyya, za a yi biki, manya za su zo. Ya ce a fitar da tsofaffin kaya duka, kada baƙi su ga tarkace.

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, tarkacen nan da su yara ke jarrabawa. A bar su a sito."

Ya ce, "Malam Isyaku, zamanin lallaɓa tsumma ya wuce. Sito ma fenti za a yi masa."

Leburorin ɗan kwangila suka kwashe kayan da muka yi shekaru muna lallaɓawa suka jibge bayan bayi. Kafin a tashi makaranta 'yan ƙananan aji sun mai da su abin jifa. Abin da na tsira da shi bai cika kwali biyu ba, na tura ƙarƙashin teburin kicin. Har yau in na tuna ƙarar fashewar gilashin nan raina ɓaci yake yi.

Motar kaya ta zo ana jibi biki. Ban taɓa ganin kaya irin waɗannan ba, biret da bika da filas-filas masu faɗin gindi da siririn wuya, da madubin ganin ƙwayoyi, komai na sheƙi. Ɗan kwangilar, wani mai ƙaton tumbi da ake ce wa Honarabul ko da yake ba wanda ya zaɓe shi, ya ce a jera kawai. Ni kuwa na yi abin da na saba. Na wuni ina wanki, washegari na ɗauko gwangwanin kore da ashana. Ban kai rabi ba yaronsa mai kula da kaya ya gan ni ya daka mini tsawa.

"Ke Mama! Wa ya ce ki ɓata kayan gwamnati?"

Na ce, "Kayan makarantarmu ne ko ba namu ba ne?"

Ya ce, "Abeg ajiye wannan abin." Ya ƙwace gwangwanin. Bai duba gindin waɗanda na riga na jera ba.

Aka yi biki. Aka yanka ƙyalle, aka ɗauki hoto, yara suka yi rawa, babban baƙo ya leƙa madubi ba tare da an sa komai a ƙarƙashi ba ya ce madalla. Ranar Asabar kuma, ba makaranta, firinsifal ya tura direbansa har Makera ya ɗauko Malam, ya ce ya buɗe lab, za a kai kayan ofishin sama a buga musu lamba, a dawo da su cikin mako. Malam ya ce a ba shi a rubuce. Firinsifal ya ce, "Ni nake gaya maka, ba ka yarda da ni ba ne?" Malam ya ciro makulli daga wuyansa ya buɗe. Litinin da na zo, kantoci wayam.

Mako ya wuce, wata ya wuce. Sai ga masu binciken kaya daga wani ofishi dabam, sun zo su ga abin da aka ce an kawo mana. Suka tarar da ɗaki da bencina. Aka tambayi firinsifal. A gabana, da kunnena na ji, ya ce shi bai san komai ba, makulli hannun mutum ɗaya yake. Malam ya dube shi ya ce, "Ranka ya daɗe, direbanka fa." Direba ya ce shi ranar Asabar ɗin yana ƙauye wajen biki.

Aka dakatar da Malam. 'Yan sanda suka je gidansa suka birkita ɗaki a gaban iyalinsa da maƙwabta. Ba su sami komai ba, amma unguwa ta gani. Mutumin da saura kaɗan ya yi ritaya. Kuma a masallacin unguwarsu shi ke riƙe da makullin sito, inda ake ajiye tabarmi da lasifika da janareto, tun yana saurayi. Dattawa suka aiko a hankali, wai ya ba da makullin ya huta har ƙura ta lafa. Da na je gaishe shi na tarar da shi zaune a zaure, igiyar na wuyansa, ba komai a jikinta.

Ya ce, "Saratu, aikin ban damu ba. Fansho ma in sun hana, Allah na nan. Amma a ce Isyaku ɓarawo, da wannan sunan za a kai ni kabari?"

Na ce, "Ba za a kai ka da shi ba, Malam." Na faɗa ne kawai, ban san ta inda za a bi ba.

Wanda ya kawo hanya Baba Yohanna ne, mai wankin lab na Narayi, tsoho mai yawan barkwanci, idonsa ya fara rauni. Wata Lahadi bayan an taso coci ya same ni a gida.

Ya ce, "Saratu, ashe kwalabenku yawo suke yi ba ku gaya mana ba? Sun zo mana biki da kwalliyarsu."

Na ce, "Baba, ba na cikin halin wasa."

Ya ce, "Ni ma ba wasa na zo yi ba." Ya zauna ya ba ni labari. Su ma an kawo musu sababbin kaya, an yi musu biki. Shi ma ya wanke ya fara ɗiga rawaya yadda aka saba. Ya ɗiga wa da yawa kafin ya ɗaga wani filas wajen haske ya ga kore na zaune gefen rawayarsa. Ya ɗauka ko idonsa ne. Kafin ya nuna wa Madam Tabita, mota ta zo ranar Asabar, wai za a je a buga lamba.

Kaya ɗaya ne. Da shi ake zagaya makarantu ana yanka ƙyalle.

Taron ƙungiya na wancan watan, ban taɓa ganin irinsa ba. Madam Tabita ta tashi ta faɗi komai, ta ce ƙungiya ta tsaya wa Malam Isyaku. Ciyaman ɗinmu na lokacin, wanda kowa ya san yana zarya gidan 'yan siyasa yana neman a ba shi kujera, ya ce a bi a hankali. Ya ce gwamnati sabuwa ce, tamu ce, mu muka zaɓa, bai kamata mu fara da tsokana ba. Ya ce kuma ba a kai ƙara da maganar tsoho mai hakiya.

Baba Yohanna ya ce daga bencin baya, "Oga ciyaman, hakiyata ta ga kore, taka lafiyayyar me ta gani?"

Aka yi dariya, aka yi tsawa. Wani malamin fiziks ya ce shi yana da yara ƙanana, ba zai sa hannu a abin da zai kai shi ƙauye ba. Wani ya ce ai Malam Isyaku teknishan ne, ba malami ba. Wannan ita ce ta tayar da ni. Ba ni da izinin magana, amma na miƙe.

Na ce, "Kai, ruwan gwajin da yaranka suka ci jarrabawa da shi bara, wa ya haɗa maka? Lokacin da kake aron biret ɗinmu ba ka tambayi ko na malami ne ko na teknishan ba."

Ciyaman ya ce in zauna, masu wanki ba sa magana a taro. Madam Tabita ta ce da ƙaramar muryarta, "Sunan ƙungiyar nan biyu ne, malamai da ma'aikata. In rabin sunan na ado ne a gaya mana yau mu goge." Aka kaɗa ƙuri'a. Ciyaman ya yi nasara, aka ce a jira sakamakon bincike. Ku rubuta wannan a mujallarku yadda na faɗa. Ƙungiyarku a ranar ta ji tsoro.

Amma mutanen cikinta ba duka suka ji ba. A rediyo aka sanar da cewa biki na gaba a makarantar Rido za a yi. Madam Tabita ta aika wa Talatu, mai wankin can, ta ce ta yi aikinta yadda ta saba, ta nemi masu ɗigo biyu ta jera su a gaba. Ranar biki muka cika bas ɗaya, malamai kaɗan, teknishan da yawa, da mu. Malam bai zo ba, an hana shi shiga kowace makaranta. Muka bi hanyar matatar mai, hayaƙinta na tashi.

An san Madam Tabita a matsayin sakatariyar ƙungiya, saboda haka da aka yanka ƙyalle aka shiga lab, masu biki da kansu suka ce ta zo ta nuna wa babban baƙo amfanin kayan. Ta ɗauki filas ɗaya daga gaba. Ta kife shi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kafin amfani, ga tarihinsa. Koren nan na Sabon Tasha ne, ga wadda ta ɗiga. Rawaya na Narayi ne, ga wanda ya ɗiga. Shuɗin na nan ne, jiya aka sa. Kwalba ɗaya, biki uku. Akwai mutumin da ke zaune a gida da sunan shi ya sace ta."

Kada ku ɗauka ƙasa ta tsage. Babban baƙo ya yi dariya, ya dafa kafaɗar Honarabul, ya ce, "Madam, fenti ne fa kawai." Aka ja shi waje, makaɗa suka ci gaba, aka raba shinkafa. Amma ɗakin cike yake da mutane, akwai masu ɗaukar hoto, kuma kafin a kore mu, teknishan ɗinmu sun bi kanta suna kife kwalabe ɗaya bayan ɗaya, suna barin su a kife. Kore, rawaya, shuɗi, har ƙarshen benci. Da za mu fita Talatu ta tura mini filas ɗin nan cikin mayafina.

Ga abin da ya biyo baya, kuma a nan fushina yake har gobe. Kayan suka zauna a Rido, don ba halin a sake ɗauka. Aka kira Malam ya koma aiki, aka ce wai kuskuren jigila ne, kayan sun ɓata hanya. Ba wanda ya ce masa yi haƙuri. Firinsifal aka ƙara masa girma. Honarabul ya ci gaba da samun kwangila. Ciyaman ya sami kujerar da yake nema. Madam Tabita kuwa aka tura ta wata makarantar ƙauye mai nisa wadda ba ta da lab ko na kwali, can ta ƙare aikinta. Mu kuma ba sababbi, ba tsofaffi, ga jarrabawa ta matso.

Da aro muka yi ta. Na fito da kwalayena biyu daga ƙarƙashin teburin kicin, sauran kuma 'yan ƙungiya suka yi ta kawowa a bas a kan cinya, har da malamin fiziks ɗin nan mai yara ƙanana, ya zo da ma'auni biyu bai iya haɗa ido da ni ba. Ranar firaktikal bencinmu ba launin da babu. Malam ya haɗa ruwan gwaji, ya ɗaga biret wajen taga, ya miƙo mini ɗaya ya ce, "Saura." A wannan ranar ma.

Amma takardar ofis ba ta wanke mutum a unguwa. A Makera cewa ake yi ai ya san wani babba ne aka rufa masa asiri. Saboda haka na naɗe filas ɗin a jarida na kai masa gida. Ya juya shi ya daɗe yana kallo. Bayan sallar la'asar ya fita da shi ƙofar masallacin unguwarsu, ni ina tsaye nesa wajen mai sayar da rake, don ba wurina ba ne. Na ga ya tsugunna gaban dattawa, ya kife kwalba, yana nuna musu da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Suka karɓa suna miƙa wa juna. Liman ya aika aka kira ni, ya ce, "Baiwar Allah, ke kika sa koren nan?" Na ce ni ce, da tsinken ashana, ana gobe biki. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin sito ya miƙa wa Malam. Malam ya karɓa. Ya kwance igiyar wuyansa ya zura shi ya ɗaure. Da shi a wuyansa ya rasu, shekaru bayan ritaya, kuma iyalinsa ne suka kawo kwalbar ga ƙungiya, suka ce shi ya bar wasiyya a ajiye ta inda shugabanni za su riƙa ganinta.

Ita ce kika kai wa reza, Rahila.

Bayan taro kin biyo ni bakin titi kin ce in yi haƙuri, za ki sayo koren fenti ki mayar yadda yake, ba wanda zai gane. Na ji, kuma na san da zuciya ɗaya kika faɗa. Amma a'a. Wancan ɗigon an yi shi ne ranar da ba wanda ya san zai yi amfani, shi ya sa liman ya yarda da shi. Wanda za ki ɗiga yau na ado ne, irin yanka ƙyallen Honarabul. A bar ta da biyu da tabon reza. In baƙo ya tambaya me ya sami na ukun, ke za ki tashi ki ba da labarin, tun daga bayan bayi har zauren Makera.

Fentin kuwa ki saya. Na leƙa lab ɗinki da na je Barnawa, na kife bika biyar, gindinsu fes, ba ɗigo ko ɗaya. An ce an yi muku alkawarin sababbin kaya kafin zaɓe. Ranar Litinin ina zuwa. Ki tanadi ruwa da ashana.